Ƙofar da Aka Toshe a Tsohuwar Masaƙa

Kwana tara Umma ta yi da abin a ranta, ba ta faɗa wa kowa ba. Mafarin abin wani ɗan gida ne na kwali da Auta ta shigo da shi wata rana da yamma, ta ajiye a kan teburin falo.

Auta ita ce 'yarta ta ƙarshe, ita kaɗai ce kuma ta yi karatu mai zurfi a gidan. Zanen gine-gine ta karanta. Tun da aurenta ya mutu ta dawo gida da 'yarta mai shekara uku, wadda ake kira Kurciya saboda gunagunin da take yi ita kaɗai in tana wasa. An daɗe aiki bai zo wa Auta ba. Sai bara wani kamfani mai ƙera kujerun makaranta da gadajen asibiti ya sayi tsohuwar masaƙar da ke bayan layin dogo, ya ce ba rushe ta zai yi ba, gyara ta zai yi ta zama hedikwatarsa. Mutum goma sha ɗaya suka kai zane, nata aka ɗauka.

Ranar da ta kawo gidan kwalin, bakinta bai rufu ba. Ta ɗage rufin da yatsa biyu tana nuna wa Umma. Ga ofisoshi a benen da aka ƙara. Ga inda masu walda da kafintoci za su yi aiki. Tsakar gida an buɗe wa 'yan unguwa, da famfo da benci, da zauren koyon ɗinki kyauta. Ta ce ko bulo ɗaya ba su zubar ba, duk wanda aka cire an kankare shi an sake gini da shi, ƙarafan rufin ma na da ne, fenti kawai suka sha.

Umma ta sunkuya tana kallo, ta bi tsakiyar ginin da ido har bangon yamma. Ta ce ina 'yar ƙofar nan ta ƙarshen layi?

Auta ta yi dariya. "Umma, ke da kika bar wurin tun ina ciki, har ƙofa kike tunawa? Ƙofar da in ka buɗe katanga ce a gabanka, ko akuya ba ta juyawa a lungun? Na toshe ta tun wata uku. Nan ne ya fi ko'ina sanyi, shi ya sa na yi ɗakin renon yara a wurin."

Umma ta buɗe baki, ta sake rufewa. Mai aji huɗu na firamare ce za ta gyara wa mai digiri biyu zane? Ga yarinya ta samu farin ciki bayan shekara biyu tana kuka a ɗaki. Sai ta ce Allah ya sa albarka, ta tashi ta shiga kicin, ta tsaya a gaban tukunyar da babu komai a cikinta.

Shekara goma sha ɗaya Umma ta yi a masaƙar nan tana ƙulla zare in ya tsinke a inji. Lambarta arba'in da bakwai. A tsakiyar ginin akwai layi biyu na fenti rawaya, faɗin taku uku a tsakaninsu, sun taso daga babbar ƙofar gabas sun miƙe har 'yar ƙofar yamma. Manyan ofis sun ɗauka hanyar turo kaya ce. Ma'aikata kuwa, ranar da ka fara aiki, kafin a nuna maka inji za a gaya maka: in rana ta faɗi aka busa jiniya, ka fita daga layin, ka sunkuyar da kai, ka ƙirga ɗari. 'Yar ƙofar kuma ba a rufe ta a wannan lokaci, ko ruwa ake tsugawa.

Tsohon bakaniken wurin ya ce a kan hanyar wasu aka gina masaƙar. Ya ce da farko inji ba ya kwana lafiya, sai da aka fasa ƙofar nan aka ja layi sannan aka samu zama. Ya kan ce wa sababbin zuwa jiniya ba kiran masu hanyar take yi ba, su kam za su wuce ko an busa ko ba a busa ba. Mutane take kora.

Mutum ɗaya ce ta karya ƙa'idar a idon Umma. Gajera, wadda injinta ke kusa da nata, mai tsokanar kowa. Almakashinta ya faɗi cikin layi bayan an busa, ta ce yau sai ta ga masu hanyar nan ko suna biyan haya. Ta shiga, ta sunkuya, ta ɗauka. Da ta ɗago ba ta sake magana ba. Daga ranar, kullum rana ta faɗi sai ta miƙe ta nufi yamma, sai bango ya tare ta, ta kafa goshi a jikinsa tana turawa. Shekara huɗu tana haka, goshin ya yi kanta baƙa kamar gwiwar raƙumi, har ta rasu.

Abin da Umma ta yi kwana tara tana juyawa ke nan.

A kwana na goma, bayan la'asar, Auta ta bugo waya. Ta ce masu kamfanin sun zo duba aiki, taro ya ja, ga Kurciya tana tare da ita tun safe, ta bar ta a ɗakin reno wajen mai renon da aka ɗauka. Matar za ta tashi ƙarfe shida. Don Allah Umma ta zo ta ɗauke ta.

Umma ta zura takalmi ba ta ko kulle ɗakinta ba. Motar hayar da ta shiga ta tsaya ɗaukar mutane a kowace kwana, sannan jirgin kaya ya tare hanya, tarago bayan tarago. Tana zaune tana kallon rana ta gilashi, ta yi ja, ta sauka a kan rufin gidaje. Kwandasta ya ce Hajiya ki daina buga ƙafa, ba ke ke tuƙi ba.

Da ta isa, maigadi yana zaune da rediyonsa a kan cinya, mutum mai furfura a gemu da son hira. Ya miƙe yana murmushi.

"Uwar Injiniya da kanta. Yau gini zai san ya yi baƙuwa."

Ta tambaye shi ina yarinyar take. Ya ce mai reno ta tafi tun ɗazu, amma kada ta damu, yanzun nan ya leƙa, tana wasanta. Ya ce yau ma ta zo a sa'a. Ya nuna sama da haɓa, inda mai gyaran lantarki ke tsugune a kan rufi kusa da wani ƙarfe mai kama da bakin tulu. Ya ce tsohuwar jiniya ce, Injiniya ta hana a jefar da ita, ta sa an gyara don tarihi. Yanzu za a gwada.

Umma ta wuce shi da sauri, mayafi yana zamewa.

Ciki ya sauya har ta kusa ɓata. An fasa rufin wuri-wuri an sa gilashi, ragowar hasken rana yana zubowa a kan sababbin tebura. Ƙamshin fenti da ɗanyen katako. An bar injin saƙa guda ɗaya a gefe, an goge shi yana sheƙi, an kewaye shi da igiya don masu kallo. Daga benen sama tana jin muryoyin masu taro da ƙarar cokali a kofin shayi.

Sai ta dubi ƙasa. Layin yana nan. Auta ba ta goge shi ba, sabunta shi ta yi, rawaya shar kamar jiya aka ja. Ya miƙe ta tsakiyar ginin har wata ƙofar gilashi mai hoton agwagi. Ɗakin renon ke nan, kuma ƙofarsa a kan layin take. Babu wata hanyar shiga.

Umma tana gudu ta gefen layin, kamar yadda ƙafarta ta saba tun da. Saura taku ashirin.

Jiniya ta tashi.

Muryarta ba ta sauya ba. Ta fara daga ƙasa kamar kukan saniya, ta hau, ta cika ginin, ƙarafan rufi suka amsa. A sama wani ya tafa hannu. Sannan ta sauka a hankali, ta mutu.

Shiru.

Ƙamshin fentin ya ɗauke. Wani wari ya maye gurbinsa, na baƙin mai da jiƙaƙƙiyar toka. Umma ta san shi. Shekara talatin rabonta da shi.

Daga bayanta, can wajen babbar ƙofa, ta ji jan ƙafa. Ba takalmi ba. Tafin ƙafa ne a kan siminti, da yawa, babu gaggawa.

Ba ta waiwaya ba. Ta yi bisimilla, ta sa ƙafa a cikin layin, ta tura ƙofar gilashi.

Kurciya tana zaune a kan katifar wasa, tana jera murafen kwalba. Layin ya shigo har cikin ɗakin, an zana masa 'yan agwagi suna bin juna. Yarinyar tana tsakiyarsa. Bayanta bango, fari tas, inda ƙofar take a da.

Umma ta sure ta. Ta juya za ta fita.

Ƙofar gilashin ta buɗe da kanta, ta tsaya a buɗe.

Babu kowa. Amma katifar wasan ta lotsa a bakin ƙofa. Ta sake lotsawa gaba kaɗan. Tsuntsayen takarda da aka rataye a silin suka karkata gefe guda, duk yamma.

Sanyi ya daki fuskarta, irin na cikin rijiya.

Ta ja da baya, ta yi gefe. Gefen ma a cike yake. Kafaɗarta ta gogi wani abu mai tsayi, mai taushi kamar damin auduga. Ta ja numfashi, iska ba ta shiga ba. Sai a lokacin ta gane. Ɗakin ba yanzu ya fara cika ba. Wata uku ke nan ana shigowa, ba a fita.

Dum.

A jikin bango.

Dum. Dum.

Kamar ana buga ƙwarya a kan daɓe. Daga ƙasa, daga tsakiya, daga can sama kusa da silin.

Kurciya ta ɗago kai daga kafaɗarta, ta yi raɗa. "Kaka, suna da yawa."

Umma ta toshe mata ido da tafin hannu. Bakinta yana karatu, amma ba ta jin muryarta.

Wani numfashi ya sauka a kunnenta na hagu, a hankali, mai warin toka.

"Arba'in da bakwai."

Ta ƙanƙame yarinyar.

"Kin san ƙa'ida."

"Na sani," in ji ta. Leɓenta kawai ya motsa.

"Ina ƙofar?"

"Ba ni na rufe ba."

Bugun bangon ya tsaya.

"Kin gani. Kin yi shiru."

Sai aka fara matsowa.

Ta ji haƙarƙarinta yana lanƙwasa. Yarinyar ta fara nishi a ƙirjinta. Ta hango taga a bangon kudu, ƙasa-ƙasa, wadda Auta ta yi daidai tsayin yara don su riƙa ganin furanni. Ta zube a ƙasa, ta sa Kurciya a ƙarƙashinta, ta ja jiki da gwiwar hannu.

Taku ɗaya. Biyu.

Ƙafarta ta hagu tana cikin layin tukuna.

Wani abu ya taka ta.

Ba zafi. Nauyi ne da sanyi, har cikin ƙashi. Ta fizge, takalmin ya tsaya a can. Ta kai hannu ta ture tagar, ta zura yarinyar waje, ta bi ta da kai, suka faɗa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasar furanni.

Iska ta shiga ƙirjinta. Wani wuri nesa ana kiran salla. Rediyon maigadi yana ta surutunsa.

Ta waiwaya sau ɗaya. Tagar a buɗe take, amma ko tsuntsun takarda ɗaya bai karkato wajenta ba. Masu hanyar ba sa karkata, miƙewa kawai suka sani. Ta gilashi ta ga takalminta a tsakiyar layi, ya baje kamar mota ta bi ta kansa.

A nan Auta ta same su, ita da masu kamfanin suna saukowa suna yaba muryar jiniya. Ta ga uwarta a zaune cikin furanni da takalmi ɗaya, ga laka a zane. Ta yi 'yar dariyar kunya, ta ce wa baƙin Umma ce, hawan jini ne ke ɗibarta wani lokaci. Ɗaya daga cikinsu ya ce a ba ta ruwa.

A gida Umma ta faɗa mata komai, har labarin Gajera. Auta ta saurara tana murza zoben hannunta. Da farko ta ce ƙarar bututun ruwa ce, in an kashe famfo yakan buga. Ta ce iskar fanka ce ta kaɗa tsuntsayen. Umma ta ce fanka ce ta san lambarta? Auta ta ce ko tana so ma, ƙofar ba ta buɗuwa yanzu, domin bangon shi ke ɗauke da benen da aka ƙara. Sai an tokare sama da ƙarfe, an sake zane, an kai an sa hannu, an ɗaga ranar buɗewa. Kuma sai ta tsaya gaban mutanen nan ta gaya musu dalili.

"Me zan ce musu, Umma? In ce uwata ta ce a bar wa aljanu hanya? Daga ranar ko bayan gida ba wanda zai sake ba ni in zana."

Sannan ta ce, murya ƙasa-ƙasa, me ya sa Umma ba ta faɗa ba tun ana fara aikin, lokacin da bulo goma ne kawai a wurin? Umma ta ce sai kwana goma da suka wuce ta sani. Auta ta ce amma ai ta san masaƙar aka ba ta tun bara.

Washegari mai fenti ya kira Auta yana mita. Ya ce wani ya ɓata masa bango da tabo baƙi-baƙi, zagaye, kamar an dangwala ƙwallo mai datti, tun daga tsayin gwiwa har inda sai da tsani. Ya shafe. Kashegari suka dawo. Auta ta ce danshin tsohon bulo ne. Amma tun daga ranar ba ta sake zuwa da Kurciya wurin ba, ita ma ƙarfe biyar take tattara takardunta ta fito. Umma ta ce mata, taki kin ɓoye, 'ya'yan mutane fa? Auta ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Ƙafar Umma ta hagu har yau ba ta yi ɗumi ba, ko ta tsoma ta a ruwan zafi. Wannan da sauƙi.

Kurciya ta daina gunagunin nan nata. Da rana tana cin abinci, tana jera murafenta, sai dai shiru. In rana ta faɗi sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta miƙe, ta bi ta tsakiyar falo har bangon yamma, ta kafa goshi tana turawa. An yi addu'a, an tofa, an kai ta asibiti sun ce ba su ga komai ba. Umma takan sa tafin hannunta tsakanin goshin da bango, ta ƙirga ɗari. Ƙarfin da ke tura hannun nan ba na 'yar shekara uku ba ne. Jiya da aka kai ɗari yarinyar ta ɗago, ta dube ta, ta ce, "Kaka, a buɗe."

Saura kwana shida a buɗe wurin. Za a riƙa aiki har bayan isha'i, ɗakin reno ma haka, don matan da ke koyon ɗinki da yamma su samu inda za su ajiye 'ya'yansu. An rubuta sunan yara talatin da biyu. Maƙwabciyar Umma ta rubuta tagwayenta, har ta shigo godiya, ta ce Allah ya yi wa Auta albarka da ta tuna da talakawa.

Tun daga farko nake cewa "ta" don in iya rubutawa. Ni ce Umman.

Gudumar marigayi maigidana tana ƙarƙashin gadona, na fito da ita shekaranjiya. Maigadin zai bar ni in shiga, yana ganin girmana. Amma in na fasa bangon benen ya sauko fa? In na je wa masu kamfanin, na kashe wa 'yata aikinta na farko da bakina, kuma ba lallai su yarda ba. Na yi tunanin in bi gida-gida in gaya wa iyayen yaran, to kafin la'asar kowa ya san daga gidan wa maganar ta fito. Shirun kuma na riga na gwada shi, ga abin da ya jawo mini a falo kullum magariba.

Ban ma sani ba ko buɗe ƙofar zai sakar mini jikata. Lokacin Gajera ƙofar a buɗe take, amma ba a sake ta ba.

Don Allah wanda ya san kan gini, ko ya taɓa ganin irin wannan, ya gaya mini abin da zan yi. Yanzu haka rana ta fara ja a jikin labule, na ga Kurciya ta ajiye murafenta.